Yadda ake tafiyar da IPv4 da IPv6 tare a layin kamfanin intanet

Duk wanda ke kula da layin kamfanin da ke raba wa jama'a intanet ya san irin matsin da ake ciki a kan adireshi. Tsohon tsari, wato IPv4, an tsara shi tun 1981, kuma duka adireshinsa biliyan 4 da miliyan 294 ne da 'yan kai. Ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA ta raba ragowar abin da ke rumbunta ga hukumomin nahiyoyi biyar. Tamu ta Afirka, AFRINIC mai hedikwata a Morishus, ita ce ta fi daɗewa da saura, amma ita ma tun Janairun 2020 ba ta ba kamfani fiye da /22 a karo ɗaya, adireshi 1,024 ke nan. Kamfani mai kwastoma dubu biyar, ina 1,024 za su kai shi?

Shi ya sa kusan kowa ya koma cusa gidaje da yawa a bayan adireshi ɗaya ta hanyar CGNAT. Yana aiki, amma da wahalarsa: mai kyamarar tsaro ba ya iya leƙa shagonsa daga gida, mutum ɗaya ya yi ɓarna a toshe wa unguwa guda shafi, ga tarin bayanan da dole ka adana don sanin wa ya riƙe wace tasha a wane lokaci. Mafita ita ce IPv6, sabon tsari mai ɗimbin adireshi, sai dai ba a kashe tsohon rana ɗaya, domin har gobe akwai bankuna da shafuka da na'urorin da ba su san sabon ba. Sai a tafi da su biyun a kan waya ɗaya da rauta ɗaya, wato na'urar da ke zaɓa wa bayanai hanya. Masu sana'ar suna kiran wannan dual-stack, ni a nan zan riƙa ce masa tsarin tagwaye.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, tagwayen nan ba sa cin abincin juna. Kowanne da teburin hanyoyinsa, da katangar tsaronsa, da yadda yake lalacewa. Duk abin da ka yi wa Hassan, sai ka yi wa Husaini da hannunka. Kuma aikin daga ciki ake fara shi a fito waje, kwastoma shi ne na ƙarshe.

Mataki na farko: ƙirga kayanka

Ɗauki takarda ka rubuta kowace na'ura da fakiti, wato ƙunshin bayanai, ke bi ta cikinta, daga rautar bakin iyaka zuwa ƙaramar rautar gidan kwastoma. A gaban kowacce ka rubuta sigar manhajarta, da ko tana tura IPv6 da guntun lantarkinta ne ko kuwa sai ta ɗora wa ƙwaƙwalwarta. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Akwai tsofaffin suwic da rauta da za su karɓi umarnin IPv6 lami lafiya, amma da zirga-zirga ta yi nauyi sai su durƙushe. Idan kana karɓar cikakken teburin hanyoyin intanet na duniya, ka tuna na IPv6 ya haura hanyoyi dubu 200, kuma kowace hanya tana cin wuri fiye da ta IPv4.

Masu MikroTik, waɗanda su ne suka fi yawa a ƙananan kamfanoninmu, su lura: a RouterOS 6 kunshin IPv6 a kashe yake zuwa, kuma idan ka kunna shi daga baya, katangarsa fanko take tashi. A RouterOS 7 a haɗe yake da tsarin. Masu Cisco IOS kuma sai sun rubuta ipv6 unicast-routing kafin rauta ta fara turawa.

Kada ƙidayar ta tsaya a kan ƙarfe. Manhajar lissafin kuɗi, sabar RADIUS mai tantance asusun kwastoma, manhajar sa ido, duk ka tambaye su ko suna da gurbin da zai ɗauki adireshi mai tsawon IPv6.

Mataki na biyu: nemi filinka, ka yanka shi da hankali

Idan kai mamba ne a AFRINIC, mafi ƙanƙantar abin da za a ba ka a matsayin mai raba intanet shi ne /32 (lambar bayan karan nan, iya ƙanƙantarta iya girman filin). A cikinsa akwai /48 guda 65,536, ko /56 sama da miliyan 16. Ka nemi naka na kanka. Aron adireshi daga wanda kake sarin intanet a wurinsa tamkar gini ne a filin aro, ranar da kuka rabu sai ka sake wa kowane kwastoma lamba.

A nan ne tsohuwar ɗabi'a take cutar da injiniyoyi. Mun saba da tsimi, mun saba da ƙirga adireshi ɗaya-ɗaya kamar ƙwayar goro. A IPv6 ba adireshi ake ƙirgawa ba, fuloti ake yankawa, kuma fulotin kowace ƙaramar hanyar sadarwa /64 ne, ko na'ura biyu ce a kanta ko dubu biyu. Ka yi yankanka a kan iyakar da 4 ke raba ta: /36, /40, /44, /48, /52, /56, /60. Dalili kuwa, kowane harafi ɗaya a rubutun adireshin yana wakiltar bit huɗu, don haka ido zai iya karanta tsarin kai tsaye, kuma DNS na baya, mai mayar da adireshi zuwa suna, a ƙarƙashin ip6.arpa zai rabu ba tare da rikici ba.

Ga misali da 2001:db8::/32, wanda aka keɓe musamman don koyarwa. Ka ware /48 na farko, 2001:db8:0::/48, don kayan kamfani kaɗai. A cikinsa /64 ɗaya na adireshin lufbak, wato adireshin rauta na kanta wanda ba na wata waya ba, kowace rauta ta ɗauki /128, adireshi ɗaya ke nan. Hanyoyin da ke haɗa rauta da rauta, ka keɓe wa kowacce /64 a takarda, amma ka sa mata /127 a kan na'ura. Sannan kowane gari ka ba shi /40: Kano 2001:db8:100::/40, Kaduna 2001:db8:200::/40, Katsina 2001:db8:300::/40. Kowane /40 yana ɗauke da /56 guda 65,536, kuma irinsa 256 ne a hannunka. Da tsakar dare idan ƙararrawa ta tashe ka, ka ga 2001:db8:2 a farkon adireshi, ka san Kaduna za ka duba tun kafin ka buɗe wani kundi.

Kwastoman gida ka ba shi /56, kamfani ko makaranta /48. Wannan ita ce shawarar da masu aikin suka tattara a takardar RIPE-690, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Wanda ya ba gida /64 ɗaya tilo ya ɗaure shi: ba zai iya raba layin baƙi da na iyali ba, ba zai iya sa rauta ta biyu a bayan ta farko ba, daga ƙarshe ya koma yin NAT, wato ɓoye na'urori da yawa a bayan adireshi ɗaya, a inda aka zo don a rabu da shi.

Mataki na uku: bakin iyaka

Ka rubuta wa duk waɗanda kake sari a wurinsu cewa kana son IPv6 na asali a kan wayar da kuke amfani da ita yanzu, da zaman BGP na daban, wato haɗin da rautocinku ke musayar hanyoyi ta cikinsa. Zama biyu ya fi: na IPv4 a kan adireshin IPv4, na IPv6 a kan adireshin IPv6. Idan ɗaya ya faɗi, za ka gan shi a fili. Haka za ka yi a cibiyar musayar zirga-zirga, irin IXPN a Najeriya, domin abin takaici ne fakitin IPv4 ya tsaya a cikin gida, na IPv6 kuwa sai ya je Landan ya dawo.

Kafin ka shelanta komai, ka yi rajistar route6 a kundin AFRINIC, ka ƙirƙiri ROA na RPKI, wato shaidar cewa kai ke da izinin shelanta filin, da lambar AS ɗinka, lambar shaidar layinka. Manyan kamfanoni da yawa ba za su karɓi shelarka ba sai da irin wannan rajista. Ka shelanta /32 ɗinka a dunƙule, ka ɗaure shi da hanyar jefarwa a rautar iyaka don fakitin da ke neman fulotin da ba kowa ya mutu a nan. Duniya ba ta karɓar abin da ya fi /48 ƙanƙanta. Matatar shiga da fita, da iyakar yawan hanyoyin da za ka karɓa daga kowane maƙwabci, duk ka rubuta su sabbi, domin na IPv4 ba su san da zaman wannan ba.

Idan babu mai ba ka na asali sai ta rami, wato a naɗe IPv6 a cikin IPv4, ka karɓa don gwaji kawai. Ramin yana rage girman fakiti daga 1500 zuwa 1480, kuma za ka ji abin da wannan ya taɓa jawo mana.

Mataki na huɗu: cikin gida

Mai OSPF, tsarin da rautocin cikin gida ke sanar da juna hanyoyi, zai tayar da OSPFv3 a gefen na da. Biyu ne masu zaman kansu, don haka ka daidaita nauyin hanyoyi iri ɗaya a duka biyun, in ba haka ba IPv4 ya bi faiba, IPv6 ya bi rediyo, kwastoma ya yi ta kukan YouTube na tsinkewa kai kuma gwajinka na nuna lafiya lau. OSPFv3 yana magana ta adireshin fe80:: na kan waya, kuma har yanzu yana buƙatar lambar shaida mai siffar IPv4, ka sa masa da hannu. Mai IS-IS, takwaran OSPF, ya kunna tsarin taswira biyu kafin ya fara, domin a taswira ɗaya rauta tana ɗauka duk wayar da ke ɗaukar IPv4 tana ɗaukar IPv6, sai ta tura fakiti inda zai ɓace. Mai MPLS kuwa yana da sauƙi, 6PE zai ba shi damar kunna rautocin gefe kaɗai ya bar na tsakiya yadda suke.

Rauta ɗaya-ɗaya ake bi, daga iyaka zuwa ciki, a lokacin da mutane ke barci. Kowacce ka gama, ka buga ping, wato ɗan saƙon gwaji, daga lufbak ɗinta zuwa na sauran, sannan zuwa 2001:4860:4860::8888 na Google.

Mataki na biyar: tsaro, tun kafin kwastoma ya shigo

Daga lokacin da rauta ta sami adireshin IPv6, ta sami sabuwar ƙofa. Jerin waɗanda ka yarda su shiga ta SSH ko Winbox ko SNMP na IPv4 ne kawai, sabuwar ƙofar a buɗe take har sai ka rufe ta. Ka bi dokokin katangarka layi-layi ka yi wa kowanne ɗan'uwa. Ka hana kwastoma fitar da fakiti da adireshin da ba nasa ba. A suwic ɗin da kwastomomi ke tarayya a kansa ka kunna RA Guard, saboda rautar gida ɗaya da aka jona a baibai tana iya shelanta kanta a matsayin ƙofar fita ta kwashe zirga-zirgar maƙwabta.

Amma akwai doka ɗaya da ba a kwafowa, ita ce toshe ICMP, wato saƙonnin sanarwa da na'urori ke aika wa juna. A IPv6 babu ARP da IPv4 ke gano maƙwabci da shi, ICMPv6 ne ke gano maƙwabci da rauta, da saƙonni masu lamba 133 zuwa 137. Bayan haka, rautar IPv6 ba ta gutsura fakiti idan ya yi girma. Jefar da shi take yi, ta aika wa mai shi saƙo mai lamba 2 cewa fakitinka ya yi girma, rage shi. Idan saƙon nan bai isa ba, mai aikawa zai yi ta maimaita babban fakiti har ya gaji.

Na ga wannan da idona a wani kamfani da na yi wa aiki. Muna gwaji ta rami, kuma akwai katanga tsakanin rautar iyaka da sauran layin, an bar ping kaɗai ya wuce a cikin dangin ICMPv6. Wani dattijo mai shagon kwamfuta, wanda ɗalibai ke cika wa shago lokacin rajista, ya kira ni da hantsi.

"Injiniya, shafi yana buɗewa, ana rubuta suna, amma da an zo ɗora hoto sai abin ya yi ta juyawa. Yara sun cika min shago tun safe."

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ga ni nan zuwa."

Na zauna a kan bencinsa, yara na tsaye a kaina da fasfo a hannu. Ping lafiya, gwajin gudu na saukarwa lafiya. Hoto mai nauyin kilobait 50 kuwa ya ƙi tafiya, ko ta imel. Sai da na buɗe Wireshark, manhajar leƙen fakiti, na ga fakiti mai bait 1500 yana fita sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, babu amsa. Rautar iyakarmu tana jefar da shi a bakin rami, tana aiko da saƙon a rage, katangarmu tana haɗiye saƙon. Layi ɗaya aka gyara, hoton ya wuce kafin na tashi daga bencin. Amma Alhaji ya riga ya yi asarar rabin yini, kuma wasu yaran sun tafi wani shago. Takardar RFC 4890 ta jera abin da ake bari da abin da ake iya toshewa, ka karanta ta kafin ka taɓa katanga.

Mataki na shida: DNS da sabobinka

Sabar DNS, mai mayar da sunan shafi zuwa adireshi, da kwastomomi ke tambaya ta sami adireshi a duka tsarin biyu, kuma ka ƙara fulotanka na IPv6 a jerin waɗanda take amsa wa. Mantuwa da wannan tana sa ta yi wa naka mutanen shiru. Shafin kamfani da sauran hidimomi, kada ka sa musu bayanin AAAA, wato adireshinsu na IPv6 a DNS, sai ka tabbatar suna amsawa ta IPv6. Sabar imel ka bar ta ƙarshe, sai DNS na baya da SPF, jerin sabobin da ke da izinin aika wasiƙa da sunanka, sun kammala, domin Gmail yana da tsanani a kan wasiƙar da ta zo ta IPv6 ba tare da su ba.

Mataki na bakwai: kai wa kwastoma

Abu biyu rautar gida take buƙata: hanyar magana da kai, da fulotin da za ta raba wa na'urorin gida. Na biyun ana ba da shi ta DHCPv6-PD. A PPPoE, inda kwastoma ke shiga da suna da kalmar sirri, zama ɗaya ne ke ɗaukar tagwayen, RADIUS kuma ya aiko da Delegated-IPv6-Prefix ga kowane mai asusu. Idan DHCP kake yi kai tsaye ta hanyar mai miƙa saƙo, ka tabbatar rautar da ke fuskantar kwastoma tana rubuta hanyar zuwa fulotin da aka bayar, in ba haka ba gida ya sami adireshi amma amsa ba ta san hanyar dawowa ba. A cikin gidan kuma SLAAC, inda kowace na'ura ke haɗa wa kanta adireshi, za a bari ya yi aiki, a sa adireshin DNS a cikin shelar rauta, domin wayoyin Android ba sa karɓar adireshi ta DHCPv6 irin na yau da kullum. Girman fakiti a PPPoE 1492 ne, don haka MSS, wato iyakar bayanan da fakiti ɗaya ke ɗauka, na IPv6 1432 ne, ba 1452 na IPv4 ba.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar mu a wannan yanki. Ka ba kowane kwastoma fuloti na dindindin, wanda ba ya canjawa. Dalilina wutar lantarki ce. A ɗauke wuta, rautar gida ta mutu, a tayar da janareta ta dawo. Idan ka ba ta sabon fuloti, ita ta manta da tsohon, amma waya da laftof masu batir ba su mutu ba, suna nan riƙe da tsohon adireshi. Bisa ƙa'idar asali, na'ura tana iya fifita adireshi har kwana 7, ta riƙe shi har kwana 30. Sai ta ci gaba da aika fakiti da lambar da kai ka riga ka karɓe. A ƙasar da ake shekara ba a ɗauke wuta ba, wannan matsala ce ta jefi-jefi. A gidan da ake sauya wuta sau huɗu a yini tsakanin NEPA da janareta da sola, masifa ce ta kullum, kuma ma'aikatan amsa kira ba za su taɓa gane ta ba, sai dai su ce a kashe wayar a kunna. Ka ɗaure fuloti da asusu a RADIUS, ka huta. Wannan kuma zai sauƙaƙa maka amsa tambayar hukuma, tunda fuloti ɗaya mutum ɗaya ne.

Sai batun kuɗi. Idan dokar rage gudu tana kallon adireshin IPv4 na kwastoma ne, to wanda ya biya kuɗin megabit 5 zai sha YouTube da Facebook da Netflix ta IPv6 ba iyaka, domin dukansu suna da shi. Haka wanda kuɗinsa ya ƙare ka tura shi shafin biya, IPv4 ɗinsa ka tare, ɗayan yana nan a buɗe. Ka ɗora iyakar gudu a kan zaman kwastoman gaba ɗaya, kuma ka gwada yankewa da ƙirgar data da hannunka kafin ka buɗe wa kowa. Shafukan shiga na hotspot da yawa IPv4 kaɗai suka sani, irin wannan layin ka bar shi sai daga baya.

Rautar gida kuma ta zo da katangar da ke hana baƙon haɗi shigowa daga waje. A da NAT ne ke yin wannan a fakaice, yanzu kowace kyamara da talabijin tana da adireshin da duniya ke iya kaiwa gare shi.

Mataki na takwas: buɗewa da sa ido

Fara da ofishinku da gidajen ma'aikata na mako biyu. Sannan hasumiya ɗaya ko unguwa ɗaya, wadda za ka iya isa da babur cikin minti goma. Ka koya wa masu amsa kira tambaya ɗaya: a buɗe test-ipv6.com a karanto musu abin da ya nuna.

Kada shirun kwastoma ya ruɗe ka. Burauza da wayoyin zamani suna da dabarar da ake kira Happy Eyeballs: su fara gwada IPv6, idan bai amsa ba cikin kusan kashi ɗaya bisa huɗu na daƙiƙa sai su bi IPv4. Ma'ana, IPv6 ɗinka yana iya mutuwa wata guda babu wanda ya kira, nauyi ya koma kan CGNAT a ɓoye. Kuma dabarar ba ta ceton matsala irin ta shagon Alhaji, tunda a can gaisuwar farko tana yin nasara, daga baya ne babban fakiti ke maƙalewa. Don haka manhajar sa idonka ta gwada kowace rauta da kowace saba sau biyu, ta kowane tsari, da ƙararrawa iri ɗaya. Ka haɗa da gwajin babban fakiti, ba ƙaramin ping kaɗai ba. Ka zana jadawalin zirga-zirgar IPv6 daban ta NetFlow 9 ko IPFIX, domin NetFlow 5 ba ya ganin sa sam. Ranar da layin jadawalin ya faɗi ƙasa alhali jimillar ba ta canja ba, ka tashi ka duba.

Bayan wata ɗaya ko biyu ka koma kan na'urar CGNAT ka kwatanta yawan zaman da take riƙewa da na da. Duk bidiyon da ya bi IPv6 bai taɓa ta ba, kuma wannan lambar ce za ka kai wa mai kamfani idan ana maganar sayen rautocin gida masu IPv6 ga sauran unguwanni. Sabbin unguwannin da za ka shimfiɗa nan gaba kuwa, ka fara gwada musu IPv6 zalla a ɗakin gwaji, a riƙa kai su tsohuwar duniyar IPv4 ta hanyar fassara, wato NAT64 da 464XLAT, kamar yadda T-Mobile ta Amurka ta yi wa wayoyinta, ko ta DS-Lite idan rautocin gidan sun iya. Ka ajiye 'yan adireshin IPv4 na fili da suka rage maka don bankuna da ofisoshin da ke biyan kuɗinsu.